Ruwan Uzud da Sandar Baba

Likitan ido na Marakesh bai yi mini kwana-kwana ba, wannan kam na yaba masa. Ya haska idon Baba na dama, ya haska na hagu, ya kashe ƴar fitilarsa, sannan ya juyo gare ni da Faransanci ya ce mun makara. Ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ta mutu. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu saura ɗan ƙyalli, shi ma sai rana ta take sosai yake aiki, kuma da wuya ya kai damina.

Baba na zaune, ya ɗora haɓa bisa sandarsa.

"Inna, mi ya ce?"

Inna yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce masa likita ya ce a ci gaba da ɗiga magani.

"Duk wanga dogon zance ɗigon magani ne?" Ya yi ƴar dariya. "Ke hwa malamar lakwal ce, ba ki iya ƙarya ba. Tashi mu tahi."

Ni a Dogon Dutsi nake koyarwa. Baba kuwa mai haƙar rijiya ne, a wani ƙauye gaba da Dogon Kiriya, kuma tun ban san kaina ba yake cikin rami. Da idonsa ya fara dushewa, Gwaggo ta Matankari ta ce aljana ce, doguwar wata rijiya, ya taɓa bai nemi izini ba. Ƙanena Mamman, mai shago a kasuwa, ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, ya hana ta shiga gidan da turarenta. Shi ne ya haɗu da wani mai baki a Yamai, wanda ya rantse masa cewa a Maroko ko ido ya tsiyaye sai an mayar da shi. Mamman ya yi iya ƙoƙarinsa, ni na roƙi izini wurin aiki da ƙyar da jiɓin goshi, aka haɗa ni da Baba. Ga abin da muka samo.

Muna fitowa, a barandar kilinik ɗin, rana ta faɗo ta taga bisa wani babban hoto da ke jikin bango. Baba ya ja ya tsaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai ya sa idon hagu.

"Wagga mi ce? Auduga anka shanya ga dutsi?"

Na ce ruwa ne. Ya ce ruwan sama? Na ce a'a, daga kan dutse yake zubowa. Wata ma'aikaciya da ke wucewa ta ce mini sunan wurin Uzud, ba shi da nisa sosai, kuma rani da damina haka yake zuba, bai taɓa tsayawa ba. Na fassara masa.

"Ni tun ina saurayi ƙasa nika bin ruwa," in ji shi. "In shiga rami, gaba bisa gaba, hal in daina jin muryar mutane, kahin in samu ɗan laima ga yatsa. Ashe akwai inda shika biyo mutum daga bisa, babu hadari babu roƙo." Ya laluba ya kama hannuna. "Inna, gani ya kori ji. Kai ni in gan shi da wanga da ya rage, kahin a ruhe mini tagar."

Baba bai taɓa roƙona komai ba. Ko rigar salla na ɗinka masa sai ya yi faɗa. Na ce za ka gan shi, in Allah ya yarda.

Kwanakin da suka biyo baya duk asibiti ya cinye su, yau awo, gobe a dawo a karɓi sakamako. Ɗakin da muka kama a cikin wani lungu yake, sanyi kamar cikin randa. Matar gidan takan ƙirga mu da ido duk lokacin da muka shiga, ta bi bayanmu da tsumma ta goge inda muka taka. A titi yara su bi mu suna kiran wani suna da ban sani ba, amma dariyar da ke biyo bayansa ba ta buƙatar tafinta. Baba ya rame. Burodi da safe, burodi da rana, har ya ce shi dai in ya mutu a nan a shaida burodi ne ya kashe shi. Fura yake so. Na dama masa kuskus da madarar kanti, ya kurɓa sau ɗaya ya ce, "Allah shi yi miki albarka, amma hatsi hatsi ne." Daga ƙarshe rana guda tak ta rage mana. Washegarinta da safe jirginmu zai tashi, tikitin kuma ba irin wanda ake ɗagawa ba ne, izinina na aiki ma ya ƙare.

A bakin babbar kasuwa na samu mai sayar da tikitin yawon, cikin wata ƴar rumfa da aka manne da hotuna. Na yi masa bayani, na maimaita, na sake maimaitawa kamar ina gaban ƴan aji ɗaya. Ubana ba ya gani sai da tsakar rana. In rana ta karkata, shi da makaho ɗaya ne. Ba abinci muke so ba, ba saye-saye ba, ruwan kawai, kuma rana na tsaka.

Ya dafa ƙirji. "Ba matsala, ƴar'uwata. Ƙaramar mota ce, kai tsaye, ba tsayawa. Kafin hantsi ya ɗaga kuna gaban ruwa. Mu Musulmi ne, ubanki ubana ne."

Allah ya isa tsakanina da wannan dafa ƙirjin.

Da safe ba ƙaramar mota muka gani ba, wata ƙatuwar kar ce, wato bas, ta yawon buɗe ido. Ta yi ta zagaya otel-otel tana kwasar Turawa, wannan bai gama shan kafe ba, waccan ta manta hularta. Ni ina kallon rana ta gilashi. Jagoran tafiyar wani matashi ne mai gyararren gemu, da ƴar tuta a hannu da abin magana a baki, yana juya harshe daga Faransanci zuwa Ingilishi yana ba su dariya.

Da na gaya wa Baba wannan shi ne mai ja mana gaba, sai ya gyara zama. "A'a, madugu ke nan, uban tahiya. Kira mini shi." Ya zura hannu aljihu ya ciro goro fari, cikin ƴan kaɗan da ya taho da su daga gida yana lallaɓawa a jiƙaƙƙen tsumma. Ya miƙa da hannu biyu. Jagoran ya karɓa, ya ɗaga shi sama ya nuna wa mota, ya faɗi wani abu da Ingilishi, aka kwashe da dariya, wasu suka ɗauki hoto. Ni na ji zafin abin har cikin kunnena. Baba kuwa murmushi yake.

"Ya amshi gorona," ya ce mini a hankali. "Amana ta ƙullu."

Muka fita gari. Aka tsaya shan kafe. Aka tsaya ɗaukar hoton wani tudu da ko a hanyar Kieshe ta can gida ba za a waiwaye shi ba. Na tashi na samu jagoran na ce malam, an ce mini ba tsayawa. Ya ce, "Madam, tsari ne, kowa ya biya." Na nuna masa Baba, na nuna masa rana. Ya ce saura kaɗan, ya juya ya ci gaba da surutunsa.

Baba ya samo wata dabara ta auna idonsa. Sai ya ɗaga hannu gaban fuskarsa, ya buɗe yatsu, ya ce, "Hal yanzu ina ganinsu sarai." Ya yi haka a wurin kafe, ya yi a wurin tudu. Duk lokacin da ya ɗaga hannun nan sai in leƙa inda rana take.

Rana ta riga ta wuce tsaka lokacin da aka sake tsayawa, a wani gida na bakin hanya inda ake sayar da mai na shafawa. Mata na zaune a ƙofa cikin kayan gargajiya suna niƙa ƴaƴan itace a dutse, wata ta tarye mu da shayi da burodi tana murmushi. Baba ya ɗauka gidan mutane ne muka sauka. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ina yara, ina maigida. Na raɗa masa cewa kanti ne, shayin na jan ciniki ne. Ya ce, "Kul! Wanda ya ba ka ruwa ya gama maka komi." Turawa suka duru ciki suna shinshina kwalabe. Jagoran ya zauna a kusurwa da mai kantin, suna shan nasu shayin, babu alamar mai niyyar tashi.

Sai aka kira azahar a wani ɗan masallaci da ke tsallaken titi.

"Tunda an tsaya, mu sauke farali," in ji Baba. "Ga sandata, je ki aje ta bisa kujera ta kama muna wuri."

Wanda bai san mu ba zai ce wauta ce. To, ni dai abin da na tashi na gani ke nan. A tashar Dogon Dutsi, in za ka Dogon Kiriya, ko takalmi ɗaya ka ajiye bisa kujera ka tafi cin tuwo, wurinka ne, kuma motar nan ba za ta motsa ba. In direba ya kuskura ya tada inji, fasinja ne za su taso masa, "Kai, akwai mai wuri!" Na taɓa ganin an juya mota daga nesa saboda wata tsohuwa da ta bar goranta ta zaga bayan gari. Balle mai salla. Wace mota ce ke tafiya da kayan mutum ta bar mutum?

Na hau na shimfiɗa sandar bisa kujerar Baba, na ɗora ledar guzurinmu bisa tawa. Wata dattijuwar Bafaransa da ke zaune kusa da mu ba ta sauka ba, na gaya mata za mu yi salla mu dawo, ta ce to. Na samu direba yana waya, na ɗaga hannuwa zuwa kunne na nuna masa masallaci. Ya gyaɗa kai. Da idona na ga ya gyaɗa kai.

Alwalar tsoho da ruwan sanyi ba ta sauri. Na kai shi sahu, na koma baya na yi tawa. Da muka fito ina riƙe da hannunsa, na duba tsallaken titi, sai fili. Inda kar ɗin ta tsaya babu komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

"Mi ya hwaru kika tsaya?"

"Baba, sun tafi."

"A'a, sun dai gyara tsayuwa. Sandata na ciki."

Na ja shi muka tsallaka. Matan nan masu niƙa sun tashi daga kan duwatsunsu, ɗaya na latsa waya, ɗaya na cin abinci. Wadda ta ba mu shayi ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ɗaga kafaɗa. Na kira mai rumfar kasuwa, mai cewa ubanki ubana, wayarsa na ta ƙara bai ɗauka ba. Mai kantin ne ya ba ni lambar jagoran, don dai in bar masa ƙofa. Na kira, ya ɗauka, ina jin dariyar mutane a bayansa. Ya ce ya faɗi lokacin tashi da abin magana, kowa ya ji, direba ya danna oda, ba zai tsare mota guda saboda mutum biyu ba. Na ce ka ga sandar makaho bisa kujera ka ja mota? Ya ce, "Madam, ki nemi taksi," ya kashe.

Ban san lokacin da na fara zage-zage da Hausa a bakin titin mutane ba. Na zagi gemunsa, na zagi tutarsa, na haɗa da mai baki na Yamai. Baba ya bari sai da na gaji.

"Ya ci gorona hwa," ya ce, shi kaɗai, kamar mai lissafin da ya ƙi fita. Sannan ya ɗaga hannu gaban fuska. "Ina ganinsu. Nemo muna mota."

Motoci na wucewa. Wasu su rage gudu, su dube mu, su ƙara mai. Can wata tsohuwar taksi ta tsaya. Na ce Uzud, ya ce Uzud, ya faɗi abin da ya ga dama, na ba shi ban ko taya ba. Muka yi tafiya mai ɗan nisa, sai ya tsaya a wata mararraba, ya nuna wata hanya da ta hau tudu, ya haɗa yatsu biyu yana nuna kusa ne, nan ne, ku taka kawai. Muna sauka ya juya ya koma. Na ga wani allo a gefen hanya, na karanta nisan da ya rage. Ko mai ido da ƙafa ba zai kai kafin magariba ba.

Ban gaya wa Baba ba. Muka kama tafiya, hannunsa bisa kafaɗata, yana jan ƙafa yana laluben kwalta. Mutumin da yake sauka cikin rijiya da igiya ɗaya, yau shi ne ke tsoron ɗan dutsen bakin hanya. Iska mai sanyi na busowa daga tsaunuka. Inuwarmu ta fara tsawo. Ya ɗaga hannu, ya daɗe yana kallo.

"Tahin na nan. Yatsun ne sunka hwara wasa da ni."

Na yi kuka a hanyar nan, amma ban bari ya fita da sauti ba, don kafaɗata na ƙarƙashin hannunsa.

Wani babur mai ƙafa uku ne ya cim mana, an loda masa buhunan zaitun, wani dattijo na tuƙi, matarsa na zaune bisa kaya. Ya wuce mu kaɗan ya tsaya. Ba ya jin Faransanci, ni ba na jin nasu. Na ce Uzud. Na nuna idon Baba, na nuna rana, na ja yatsa ƙasa. Ya dubi Baba, ya dubi rana, sai kawai ya diro. Ya rungumi Baba ya ɗora shi bisa buhu kamar ƙaramin yaro, matar ta cire bargon da ta yafa ta lulluɓe shi. Ba hanyarsa ba ce, daga baya na gane, don na ga inda ya wuce kwanar da matar ta nuna masa. Ya murɗa babur ɗin nan har yana kuka. Matar ta ɓalli burodi ta ba mu, ta damƙa wa Baba ƴaƴan zaitun da ta jiƙa a gwangwani. Ya jefa ɗaya a baki ya furzar, ya ce, "Kai! Wanga ko aduwa ta hi shi daɗi." Ba ta ji abin da ya ce ba, amma ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. Ita ce dariyar da muka yi a ƙasar nan.

Da ya sauke mu a bakin wurin, na miƙa masa abin da ya sawwaƙa, ya ture hannuna ya ɓata rai. Baba ya ciro goronsa na ƙarshe ya ba shi. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirji ya dafa.

La'asar ta yi sanyi. Ga kar ɗinmu a tsaye, ga mutanenmu suna haurowa daga kwari, riguna a jiƙe, suna nuna wa juna hotuna. Ga jagoran a gefen hanya, Turawa sun kewaye shi, yana tsokanar wani biri da ke kan reshe don su ɗauki hoto. Da sandar Baba yake tsokanarsa. Har ya ɗaura mata ƴar tutarsa a kai.

Ban yi sallama ba. Na fizge ta, na tsinke tutar na jefa masa a ƙafa. Ya ce, "A, madam, kun iso! Kin gani, ba matsala." Dattijuwar Bafaransar nan ta matso fuskarta ja wur, ta ce ta gaya masa, ya ce mata mun fasa ne. Na ce mata na gode, amma a zuciyata na ce, a motar garinmu ba faɗa ake yi ba, ihu ake yi. Jagoran ya duba agogo ya ce yanzu za su juya, in za mu bi mu hau, in kuwa za mu sauka ƙasa, ruwanmu.

Na sa wa Baba sandarsa a hannu. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya tsaya inda aka ɗaura zaren. Na gaya masa abin da aka ce.

"Mun zaka," ya ce, wato mun riga mun zo. "Su tahi."

Matakala ce ake bi, ta gangara cikin kwari, ƙarƙashin itatuwan zaitun. Tun daga sama muke jin ruwan, wani irin gurnani da ke shiga ƙirji. Muna sauka, inuwa na ƙaruwa. Masu sayar da kaya na naɗe tabarminsu. Baba na taka ɗaya, ya tsaya, ya laluba da sanda, ya taka ta gaba. Sai can na lura ya daina ɗaga hannunsa.

Na ce, "Baba, wallahi in ba ka gan shi yau ba, nan za mu kwana. Gobe rana na tsaka in kawo ka. Jirgi ya yi tafiyarsa, aiki ma ya tafi."

Ya san ni, ya san ba na rantsuwar banza. Ya kuma san Mamman ya riga ya zazzage abin da yake da shi, kuma da aikin nan nawa ake ci a gida biyu.

Muka kai wani ɗan fili mai shingen ƙarfe, sai ga shi. Ni da nake da ido ma sai da na yi salati. Ruwa ne daga can ƙololuwar jan dutse, ya rabu kashi-kashi, ya faɗo ya daki wani dutsen ya tarwatse, ya sake haɗuwa ya zuba ƙasa, hayaƙinsa na tashi. Rana ta bar kwarin. Saura ɗan ja-ja a can saman dutse, inda ba ya amfanin kowa. Na saki hannun Baba ina kallo, na ɗan shagala.

"Tabarakalla!" na ji ya ce da ƙarfi. "Inna, dubi hwarinshi! Kamar auduga. Alhamdu lillahi, na gani. Na gani, ɗiyata."

Na waiwaya. Baba na tsaye, ya dogara sanda, ya ɗaga kai yana murmushi. Ya ba ruwan baya. Bangon dutsen da ke ɗaya gefen yake fuskanta, inda ƙarar ke bugawa ta dawo. Busasshen dutse ne, ko ciyawa babu.

Na so in yi shiru. Wallahi na so. Amma na kasa barinsa haka. Na kama kafaɗunsa biyu na juya shi a hankali, har feshin ruwan ya sauka a fuskarsa. Murmushin ya tafi. Ya tsaya, ruwa na taruwa a gemunsa, idanunsa a buɗe.

"To," ya ce. "Nan shike."

"Baba, mu kwana."

"Na ce miki na gani."

"Baba..."

"Ke Inna! Yaushe kika hwara mayar mini da magana?" Bai taɓa ɗaga mini murya haka ba tun ina yarinya. Sannan ya sassauta. "Uba ya ce ya gani, ya gani. Gobe kina cikin jirgi. Yanzu hwaɗa mini, daga ina shika hitowa?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa jan dutsen, da yadda ruwan ya rabu, da inda yake dukan dutse ya tashi kamar garin da ake sheƙa, da tafkin da ke ƙasa, kore shar. Yana gyaɗa kai, yana sa ni in maimaita, yana tambayar tsawonsa gaba nawa zai yi. Ya miƙa tafin hannu ya tari feshin, ya lasa. Ya ce ruwan daɗi ne. Ya ce, "Duk wanga zuba shikai, babu mai tarbe?" Na ce babu. Ya girgiza kai, ya ce mu tafi.

Wani mai rumfar shayi ne ya haɗa mu da motar da ke komawa birni. Washegari muna cikin jirgi, kamar yadda ya ce.

A tashar Dogon Dutsi muka nemi motar Dogon Kiriya. Kowa ya san Baba a tashar nan, rabin direbobin sun sha ruwan rijiyarsa. Labari ya riga mu isowa, don na gaya wa Mamman ta waya tun kafin mu je cewa za mu ga ruwa. Suka kewaye shi. Ido fa? Ya ce sai godiya. Ruwan fa, an ce akwai ruwan da ke zubowa daga dutse?

"Na gan shi," in ji Baba.

Ya kwashe labarin kaf ya ba su. Jan dutsen, da rabuwar ruwan, da garin da ake sheƙa, da tafki kore shar. Maganata ce, ko kalma bai canza ba. Suna ta salati. Wani tsohon direba ya ce, "Kai, Baba, ka more. Gani ya kori ji!" Baba ya ce ƙwarai kuwa. Ni ina tsaye da jaka a hannu, na duƙar da kai ina kallon ƙasa.

Aka kira la'asar. Mota ba ta cika ba tukuna. Ɗan kamasho ya buɗe wa Baba gidan gaba, ya kakkaɓe masa kujera.

"Baba, kawo sandarka in aje ta kama maka wuri, ka je ka yi salla. Ba mu tashi sai da kai."

Ya kai hannu zai karɓa. Baba ya janye ta, ya rungume a ƙirji da hannu biyu.

"Bar ta hannuna, ɗana," ya ce. "Ta taɓa kama mini wuri."